Baƙaƙenmu Ba Baƙi Ba Ne

Muna so mu jawo hankalin masu karatu, musamman samarinmu da su ka koyi sana'ar gina shafukan intanet, zuwa ga wata mas'ala wadda a ido ƙarama ce, amma ɓarnarta ta kai ga littattafai da jaridu da sunayen mutane. Duk wanda ya saba karanta Hausa a kwamfuta ko a wayar hannu ya sha gamuwa da kalmar da ta lalace. Inda ya kamata ya ga ƙasa, sai ya ga Æ™asa, ko &#409;asa, ko kuwa ɗan akwati fanko a gurbin baƙin farko. Abin da mai karatun Ajami ya ke gamuwa da shi ya fi wannan muni, gama wani lokaci ya kan buɗe shafi guda ya tarar babu ko baƙi ɗaya a ciki, sai lambobi jere kamar littafin ɗan kasuwa.

Galibin mutane su kan ɗora laifin a kan na'ura, su ce ai ba ta jin Hausa. Wannan magana ta taɓa zama gaskiya, amma ta daɗe da tsufa. Babban laifin yau yana ga wata al'ada da magina shafuka su ka gada daga littattafan Turawa na da, watau juya ko wane baƙi mai alama zuwa wani rubutu dabam da zai tsaya a madadinsa. Ra'ayinmu shi ne a bar wannan al'ada, a ajiye baƙaƙenmu na Boko da na Ajami da siffarsu ta ainihi, kada a juya kome sai 'yan alamomi ƙalilan waɗanda za mu ambata a gaba. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a san asalin abin.

Kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Ko wane baƙi sai an yanka masa lamba an rubuta a jadawali, sa'an nan na'urar mai aikawa da ta mai karɓa su yarda da jadawali guda. A shekarar 1963 aka fitar da jadawalin da a ke kira ASCII a Amurka. Gurbi 128 kaɗai gare shi, waɗanda su ka ishi Ingilishi, amma babu ko é na Faransanci a ciki, balle ƙ na Hausa. A 1987 aka tabbatar da wani mai gurbi 256, wanda a ke kira Latin-1, domin harsunan Yammacin Turai kamar Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Shi ma bai san da zamanmu ba.

Sa'ad da Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, ya fito da HTML a 1991, watau harshen da a ke rubuta shafukan intanet da shi, hanyoyin aika rubutu ba su da aminci. Baƙin da ya wuce gurbi 128 ɗin nan ya kan lalace a hanya. Saboda haka aka yi amfani da wata dabara. Maimakon a aika baƙin da kansa, sai a aika wakilinsa, wanda aka rubuta da baƙaƙen Ingilishi zalla: a fara da alamar &, a bi da suna ko lamba, a rufe da waƙafi mai ruwa. Wakilin é shi ne &eacute; ko kuwa &#233;. In wakili ya isa, manhajar da mai karatu ya ke buɗe shafi da ita ta gane shi, ta zana baƙin da ya ke wakilta. Misalinsa kamar sarki ne wanda hanya ba ta yi masa kyau ba, ya tura wakili da saƙonsa. Lalle dabara ce mai kyau a zamaninta, ba mu kuwa raina waɗanda su ka yi ta ba.

To amma a dubi jadawalin sunayen wakilan nan. A HTML na huɗu, wanda ya fito a 1997, sunaye 252 ne. A na biyar, wanda aka tabbatar a 2014, sun haura 2,000. Akwai baƙaƙen Girkanci a ciki, da na Rashanci, da alamomin lissafi, da kibiyoyi iri iri, har da alamomin karta. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ wanda 'yan'uwanmu na Nijar su ke rubutawa inda mu ke rubuta 'y, babu kuma baƙin Larabci ko guda. Wanda ya nace sai ya yi wa baƙaƙenmu wakili, ba shi da hanya sai ta lamba: ɓ ya zama &#595;, ɗ ya zama &#599;, ƙ ya zama &#409;, ƴ ya zama &#436;. Manyansu kuma lambobinsu dabam: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Ashe ko a cikin dabarar ma mu 'yan rakiya ne.

Ana nan sai hanya ta gyaru. A 1991 aka fitar da babban jadawali mai suna Unicode, wanda niyyarsa ita ce ko wane baƙi na ko wane harshe a duniya ya sami lambarsa shi kaɗai. Yau baƙaƙe da alamomin da ke cikinsa sun haura 150,000, namu masu ƙugiya kuwa suna ciki tun farkon al'amari. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike su ka tsara hanyar ajiye waɗannan lambobi da aika su, wadda a ke kira UTF-8. A 2008 ta rinjayi dukan sauran hanyoyi a intanet, yau kuwa fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan duniya da ita a ke rubuta su. Watau sarki yana iya zuwa ko'ina da ƙafarsa. Wanda ya ci gaba da tura wakili bayan haka, wahala ya ke saya da kuɗinsa, ga kuma irin wahalar.

Ta farko tana ga nema da jerawa. Shafuka masu yawa suna da rumbu inda a ke ajiye labarai da sunaye. In an ajiye kalma da wakili a cikin rumbun, mai nema ya rubuta ƙasa, na'ura ta duba ta ce babu, alhali kuwa kalmar tana nan ɗari a ƙarƙashin &#409;asa. In aka ce ta jera sunaye bi da bi, sai ta kwashe duk waɗanda su ka fara da Ɗ da Ƙ ta kai su ƙarƙashin alamar &, inda ba wanda zai neme su. Har ƙidaya ma ta kan rikice. Sunan garin Ƙanƙara baƙi 7 ne, amma da wakilai ya zama 17. In gurbin da aka tanada wa sunan gari bai kai haka ba, sai a datse shi a tsakiyar wakili, a bar guntun da ba mai iya karantawa. Wannan ba abin wasa ba ne ga ɗalibin da sunansa ke kan takardar jarrabawa, ko ga mai gona da sunansa ke cikin rajistar filaye.

Ta biyu ita ce juyi a kan juyi. Alamar & da a ke fara wakili da ita, ita ma tana da nata wakili, watau &amp;. In rubutun da aka riga aka juya ya sake bi ta injin juyawa, sai &#409; ya zama &amp;#409;, mai karatu kuwa ya ga lambar tsirara a kan shafi. Duk sa'ad da edita ya buɗe labarin ya gyara ya ajiye, sai a ƙara masa wani rufi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, garin neman kare baƙi ɗaya an binne shi ƙarƙashin alamomi goma sha.

Ta uku ita ce kuskuren jadawali. A harshen PHP, wanda a ke gina shafuka da yawa da shi, akwai wani umurni mai suna htmlentities, aikinsa shi ne juya duk baƙin da ke da suna zuwa wakilinsa. Kafin fitowar PHP 5.4 a 2012, in ba a faɗa masa wani abu ba, ya kan ɗauka rubutun da aka ba shi na Latin-1 ne. A UTF-8 kuwa ƙ gurbi biyu ya ke ci. Sai umurnin ya ɗauki ko wane gurbi baƙi ne mai zaman kansa, ya raba ƙ gida biyu, ya mai da rabin farko &AElig;, ya bar ɗaya rabin yana lilo. Irin wannan saɓani tsakanin jadawalin mai aikawa da na mai karɓa shi ne asalin Æ™ a gurbin ƙ, da É— a gurbin ɗ. Abin dariya kuma shi ne, ko da an faɗa wa umurnin jadawalin daidai, ba ya yi wa ƙ kome, tun da ƙ ba shi da suna a wurinsa. In ya yi kuskure ya ɓata mana, in ya yi daidai bai amfane mu ba.

Ta huɗu, rubutu ba a shafi kaɗai ya ke zama ba. A kan ɗauko labari daga rumbu a aika ta saƙon waya, ko a sa shi kan wasiƙa, ko a kai maɗaba'a. Wakilin HTML ba a san shi ba a waɗannan wurare, sai ya fito yadda aka rubuta shi.

Amma ɓarnar da ta fi damunmu ita ce wadda ta ke aukuwa a zukatan marubuta. Mutum ya rubuta da ƙugiya sau ɗaya, sau biyu, ya ga rubutunsa ya fito a lalace, sai ya ce a kai kasuwa, ya daina sa ƙugiya gaba ɗaya. Da haka kafa da ƙafa su ka zama ɗaya, kura da ƙura, kaya da ƙaya, kasa da ƙasa, baki da baƙi. Babba wanda ya san harshen ya kan gane da ma'anar zance. Yaron da ke koyon karatu fa, ko baƙon da ke koyon Hausa, ko na'urar da a ke koya wa fassara da karanta rubutu da murya? Abin da su ka gani shi za su ɗauka daidai ne.

Mu masu Ajami kuwa, abin ya fi shafarmu. A Boko baƙaƙe kaɗan ne su ke bukatar wakili. A Ajami ko wane baƙi ne, da ko wane wasali, da ɗauri, da shadda. Baƙin ba, watau ب, gurbi biyu ya ke ci a UTF-8, amma wakilinsa &#1576; alama 7 ne. Sahu ɗaya mai baƙaƙe da wasula 40 sai ya zama alamomi 280. Wane malami ne zai duba irin wannan ya gane inda aka sa kaf lasan a gurbin ƙaf wau, ko inda yamala ta faɗi? Rubutun da mai shi ba ya iya dubawa, ba ya iya gyarawa, ya fita hannunsa ke nan.

Alhali kuwa babban jadawalin nan ya yi wa Ajami wuri, ko da ya ke a hankali aka yi. Ɗa mai hannu mai ɗigo uku, wanda a ke rubuta tsa da shi, yana ciki tun da daɗewa. A 2005 aka shigar da ɗigon yamala, da ba mai ɗigo uku a bisa wanda waɗansu ke rubuta ɓ da shi. A 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warshu, waɗanda ɗigonsu ke faɗuwa a ƙarshen kalma. A 2020 aka ƙara waɗansu masu ɗigo uku domin Hausa da maƙwabtanta. Akwai kuma zubin baƙaƙe da ƙungiyar SIL ta yi ta bayar kyauta, ɗaya sunansa Alkalami, wanda ya bi hannun Kano, ɗaya kuma Harmattan. A nan ya kamata a lura da wani abu da magina da yawa su ke rikitawa. Ɗan akwatin nan fanko da a ke gani ba ciwon jadawali ba ne, alama ce cewa zubin baƙaƙen da shafi ya ke amfani da shi ba shi da siffar wannan baƙi. Wakili ba ya maganinsa ko kaɗan. Maganinsa shi ne a zaɓi zubin da ke da baƙin.

Kada wani ya ce mun hana wakilci ɗungum. Akwai alamomi biyar da lalle ne a juya su, domin su ne HTML ya ke ba da umurni da su: < da > da & da alamun zance guda biyu, mai baki biyu da mai baki ɗaya. In maginin shafi ya bar abin da baƙo ya rubuta ya fito ba tare da an juya waɗannan ba, mugu yana iya cusa umurni a cikin saƙonsa, manhajar mai karatu ta bi, a sace masa sirri. Wannan juyi wajibi ne, PHP ma yana da umurni dabam dominsa mai suna htmlspecialchars. Sai dai a kiyaye lokacinsa. A bakin ƙofa a ke yinsa, sa'ad da rubutu zai fita zuwa shafi, sau ɗaya tak. Abin da ke cikin rumbu a bar shi yadda mai shi ya rubuta. Bahaushe ya kula da wannan ƙwarai, gama alamar nan mai baki ɗaya ita ce a cikin 'ya'ya da sa'a da jama'a, in aka juya ta tun a rumbu kalmominmu ne za su fara lalacewa. Har wa yau wakili yana da amfani ga alamomin da ido ba ya gani, kamar &nbsp; mai hana kalmomi biyu rabuwa a ƙarshen sahu, da &rlm; da &lrm; masu daidaita alƙibla sa'ad da lamba ko sunan Boko ya shigo tsakiyar Ajami. Waɗannan gara a rubuta su da suna domin mai gyara ya gan su.

Wani zai ce, to ai akwai tsofaffin na'urori a ofisoshi waɗanda ba su san UTF-8 ba har yanzu. Gaskiya ne akwai, ko da ya ke kullum raguwa su ke yi. Amma hukuncinsu shi ne a yi musu juyin a bakin ƙofarsu su kaɗai. Ba a lalata hatsin rumbu duka domin tsoho ɗaya ba shi da haƙori, nasa a ke dama masa dabam.

Saboda haka ga shawararmu. Ga magina, wurare huɗu ne ya wajaba su yi magana da baki ɗaya: takardar da aka rubuta shafin a ciki, da rumbun ajiya, da hanyar da ke tsakanin shafi da rumbu, da sanarwar da a ke sa wa a kan shafi domin manhajar mai karatu ta san jadawalin. Duka huɗun su zama UTF-8. In ɗaya ya saɓa, nan ne yoyo zai fito. A kuma shaida harshen shafi, a sa ha domin Hausa, ha-Arab domin Hausar Ajami, a nuna cewa daga dama a ke farawa.

Ga masu jaridu da shugabannin makarantu da ma'aikatan Gwamnati masu ba da kwangilar gina shafi, ba sai kun san sana'ar ba kafin ku gwada aikin. Kafin ku biya, ku rubuta Ƙanƙara da ɗanɗano da ɓarawo da 'ya'ya, da sahu ɗaya na Ajami da wasulansa, ku ajiye. Ku buɗe ku gyara ku sake ajiyewa har sau uku. Sa'an nan ku nemi kalmomin, ku duba su a waya da kwamfuta. In sun fito lafiya, ku biya. In ba su fito ba, aiki bai ƙare ba tukuna. Wanda kuma ya ke da tsohon rumbu da ya riga ya lalace, galibi yana gyaruwa, amma a fara kwafe shi a ajiye gefe kafin a taɓa, kada garin gyara a rasa duka.

Ga malaman da ke koyar da wannan ilmi a jami'o'i da kwalejojinmu, muna roƙo a riƙa kawo misali da harshen gida. Ɗalibin da duk karatunsa da é da ü aka yi masa misali zai fita yana zaton ya ƙware, ranar da aka kawo masa sunan kakansa ya kasa ajiye shi daidai. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, waɗanda su ka rubuta littattafan can ba su da dalilin tuna ƙ.

Magabatanmu sun tarar da baƙaƙen Larabci ba su ishi bakin Bahaushe ba, ba su ce a canza bakin ba, sai su ka ƙara ɗigo su ka daidaita alƙalami da harshe, har Nana Asma'u da malaman zamaninta su ka bar mana abin da mu ke karantawa yau. A shekarun 1930 kuma aka tsai da baƙaƙe masu ƙugiya a Boko, aka yi ta buga littattafai da su a Zariya, a zamanin da ko wane baƙi sai an zuba shi da ƙarfe. Mu da aka ba lambobinmu kyauta, abin da ya rage a kanmu kaɗan ne, watau mu rubuta daidai mu ajiye daidai. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar harshenmu, amin.